Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Sojojin Jiki da Sankarar Wuya

Kalmar maƙoƙo tsohuwa ce a bakin Bahaushe, ta girmi asibiti, ta girmi likita. Kumburi ne da ke fitowa a gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, yana hawa yana sauka idan mai shi ya haɗiyi miyau. Ba ya zafi, ba ya hana neman abinci, shi ya sa ba a cika lissafa shi cikin cututtuka ba. Mace ta ja mayafi ta rufe shi, namiji ya naɗa rawani, rayuwa ta ci gaba. Abin da Hausa ba ta raɗa wa suna ba shi ne naman da ke kumburan, wanda likitoci ke kira tayroid: wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi da ta rungumi maƙogwaro, nauyinta kamar giram 20. Aikinta ta tsamo sinadarin aidin daga jini, ta haɗa wani ruwa da ke daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da yadda abinci ke zama ƙarfi. Idan aidin ya yi ƙaranci a cimar mutum, sai tsokar ta yi ta girma don ta kamo ɗan abin da ke akwai. Asalin yawancin maƙoƙo ke nan, kuma shi ya sa ya fi yawa a ƙasashen da ke nesa da teku, kamar arewacin Gana, kafin dokar 1996 da ta wajabta sa aidin a gishiri.

Daga wannan arewa, wajen Bawku, iyayen wata Hajiya suka gangaro Kumasi suka zauna a Aboabo, cikin zango. Ita kuma ta tashi tana sayar da wake da gero da masara, tana awo da olonka, wato gwangwanin da ke matsayin mudu a kasuwannin kudancin Gana. Da aka fara sake gina Kejetia a 2015, tana cikin 'yan kasuwar da aka mayar Race Course, tsohon filin sukuwar dawaki da ke Bantama. Wuri ne mai ƙura da rani, mai caɓi da damina, inda Hausa da Tuwi da Dagbani ke gogayya a kunne ɗaya, 'yan mata masu dako da ake kira kayayei suna ratsawa da manyan kwanoni a ka. (Ɗalibin Hausa zai gane rabin wannan kalma: kaya ne nasa, sauran kuma daga harshen Ga.) Hajiya ta fi shekara ashirin da maƙoƙonta. Mahaifiyarta ma da shi ta rayu, da shi aka binne ta, ba shi ya kashe ta ba.

Tana da shekara 58 abin ya sauya kama. Wani sashe na kumburin ya yi tauri kamar ƙwallon goruba, sannan kaluluwa ta fito a gefen wuya, ba zafi, ba ta kuma baje ba. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira Gee, yana nan Bantama, tafiyar ƙafa ce daga rumfarta. Amma mai magani ya fi asibitin kusa. Kullum da hantsi yakan tsaya da lasifika a bakin tashar mota yana tallar wani ruwa a kwalba, yana cewa yana ƙara wa sojojin jiki ƙarfi, kuma duk wanda sojojinsa suka yi ƙarfi babu cutar da za ta zauna masa. Hajiya ta sha kwalabe na wata bakwai. Ba wauta ce ta sa ta ba. Maganar ta yi daidai da abin da aka daɗe ana faɗa a rediyo tun zamanin faɗakarwa kan ƙanjamau: jiki gari ne, cuta maƙiyi ce, fararen ƙwayoyin jini su ne sojoji. Wanda ya karɓi wannan hoto, dole ya ga cewa yawan soja shi ne lafiya.

'Yarta ta fari, wadda ke makarantar koyon aikin jinya, ita ta matsa har aka je. Aka yi hoton wuya, aka soka siririyar allura aka zuƙo ɗan abin da ke cikin ƙullutun, aka duba a madubin likita. Sakamako ya fito da abu biyu. Na farko, sankara ce, irin wadda ake kira fafilari. Na biyu, naman da ke kewaye da ita cike yake da fararen ƙwayoyin jini. Da 'yar ta karanta mata takardar a gida, tana fassarawa daga Turanci, Hajiya ta kama na biyun ta riƙe.

"Ke, ba ga shi ba? Sojojin sun zo. Maganin ya yi aiki, me kuma za a yanka?"

Ba ta kiran sunanta, saboda kunyar 'yar fari. 'Yar ta ce, "Mma, sun zo kam. Sai dai ba a san wa suke yi wa aiki ba."

Wannan amsa ta fi abin da yarinyar ta zata zurfi, domin a kanta masana suka shafe fiye da ƙarni guda suna ja-in-ja. Tun 1863 likitan Jamus Rudolf Virchow ya lura cewa akwai fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙullutun sankara, ya kuma yi zargin cewa cutar takan tsiro ne a inda kumburi ya daɗe. Bayan shekaru, a ƙarshen shekarun 1950, Macfarlane Burnet da Lewis Thomas suka kawo ra'ayin da ya fi daɗin ji: garkuwar jiki tana sintiri dare da rana, tana kashe duk ƙwayar da ta fara kauce hanya tun ba ta zama ƙullutu ba. Dukansu biyu sun faɗi gaskiya, kuma a wuyan mutum ɗaya ana iya samun gaskiyar biyu a lokaci guda.

Sojojin da suka cancanci sunan su ne wasu daga cikin ƙwayoyin da ake kira limfosait. Akwai ƙwayar T mai kisa, wadda ke bin ƙwayoyin jiki ɗaya bayan ɗaya tana duba alamar da kowace ta kafa a bayanta, kamar mai duba takardar shaida a shingen hanya. Idan ta ga baƙuwar alama sai ta huda ƙwayar ta kashe. Akwai kuma wata da ke kashe duk ƙwayar da ta ɓoye takardarta gaba ɗaya. Inda waɗannan suka yi yawa a sankarar tayroid, akan ga cutar ba ta cika yin nisa ba. Ana kuma kyautata zaton suna da hannu a wani abin mamaki: a wani bincike da aka buga a 1985 a ƙasar Finlan, an duba tayroid na mutanen da wasu dalilai dabam suka kashe, aka tarar fiye da ɗaya cikin uku suna ɗauke da 'yar mitsitsiyar sankara da ba ta taɓa motsawa ba. A kan irin wannan sani ne asibitin Kuma da ke Kobe a Jafan ya fara, tun 1993, barin ƙananan ƙullutu da ba su wuce santimita ɗaya ba a ƙarƙashin sa ido maimakon yanka, kuma mafi yawansu ba su girma ba. Wato akwai zaman doya da manja da ke iya ɗaukar shekaru tsakanin jiki da cutar, babu wanda ya ci wani.

Matsalar ita ce sankara ba baƙuwa ba ce. Sauro ne ke kawo zazzaɓi daga waje, tarin fuka ma daga waje yake shigowa, amma ƙwayar sankara 'yar gida ce da ta lalace. Ta san harshen gidan, ta san yadda ake kiran kowane ma'aikaci, ta san abin da ke sa shi ya ajiye makami. A nan ne hoton gari da maƙiyi ya gaza, kuma Hausa tana da wanda ya fi shi: da ɗan gari akan ci gari.

Ɗan garin da aka fi saye shi ne makrofaj, wato babban mahaɗiyi. Masanin Rasha Ilya Mechnikov ne ya fito da aikin irin waɗannan ƙwayoyi a 1882 a Messina ta Italiya, lokacin da ya soka ƙaya a jikin wata 'yar halittar teku mai garai-garai, washegari ya ga wasu ƙwayoyi sun taru sun yi wa ƙayar ƙawanya. Makrofaj yana da sana'a biyu. Idan cuta ta shigo, mayaƙi ne, yana haɗiye ta yana kiran 'yan'uwa. Idan yaƙi ya ƙare, sai ya koma magini: ya share gawarwaki, ya sa a shimfiɗa sababbin hanyoyin jini, ya sassauta naman da ke kewaye don sabo ya tsiro, ya kuma gaya wa masu kisa su koma gida. Ba don wannan sana'a ta biyu ba, da babu raunin da zai warke. Ƙwayar sankara takan fitar da sinadaran kira, irin waɗanda rauni ke fitarwa, sai mahaɗiya su taso daga jini su zo, su tarar da abin da ya yi musu kama da miki, su kama aikin gini. Hanyoyin jinin da suka shimfiɗa su ke ciyar da ƙullutun. Naman da suka sassauta shi ke buɗe masa ƙofa zuwa kaluluwa. Likitan Amurka Harold Dvorak ya kwatanta sankara a 1986 da raunin da ya ƙi warkewa, abin da Bahaushe zai kira gyambo a kalma ɗaya. Mahaɗiyin bai ci amanar kowa da gangan ba. Aikin da ya iya yake yi, a wurin da bai kamata ba, kuma babu mai gaya masa ya tsaya.

A tayroid an ga wannan a fili fiye da gaɓoɓi da yawa, domin cutar tana da matakai masu nisa da juna. Fafilari, wadda ta kai kusan kashi 80 cikin ɗari na masu cutar, tana tafiya a hankali, kuma mafi yawan masu ita suna rayuwa shekaru da dama bayan magani. A ɗaya ƙarshen akwai anafilastik, wadda ba ta wuce kashi ɗaya zuwa biyu ba, amma tana cikin mafi muni a dukan sankarorin ɗan Adam, takan kashe cikin watanni. Idan aka bi matakan daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, yawan mahaɗiya yana ƙaruwa tare da su, har a anafilastik akan tarar kusan rabin ƙwayoyin da ke cikin ƙullutun ba na sankara ba ne, mahaɗiya ne. Da yawan soja ne lafiya, da mai wannan cuta ya fi kowa lafiya. Kuma anafilastik ba daga sama take faɗowa ba. Sau da yawa takan tashi ne a wuyan dattijo, daga tsohon maƙoƙo ko daga fafilarin da aka bari ta daɗe. Wannan ne abin da ke hana 'yar Hajiya barci.

Akwai wasu 'yan garin. Ƙwayoyin mast, waɗanda Paul Ehrlich ya raɗa wa suna a 1878, su ne masu jawo ƙaiƙayi da borin jini. Masu bincike a Naples sun nuna a 2010 cewa sankarar tayroid tana janyo su, kuma ruwan da suke fitarwa yana taimaka mata ta kutsa naman maƙwabta. Sai kuma masu raba faɗa, wani jinsi na ƙwayar T da Shimon Sakaguchi ya bayyana a 1995, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. Su ne dattawan unguwa da ke hana garkuwa ta far wa jikin da take tsaro. Sankara takan tara su a kewayenta, kuma an fi ganinsu a fafilarin da ta riga ta kai kaluluwa. Ko mai kisa ya iso, sai ya tarar da dattijo a ƙofa yana cewa a yi haƙuri.

To fararen ƙwayoyin da aka gani a wuyan Hajiya fa? Gwajin jini ya nuna tana da wata cuta ta daban da ta daɗe da ita ba ta sani ba, wadda likitan Jafan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912 bayan ya duba tayroid na mata huɗu. A wannan cuta garkuwar jiki ce da kanta ke kai wa tayroid hari tana cinye ta a hankali, har mutum ya riƙa jin kasala da sanyi da nauyin jiki. Hajiya ta daɗe tana jin haka, tana ɗora wa shekaru da zaman kasuwa. Ke nan taron da ta ɗauka amsar kwalabenta ne ya riga kwalaben zuwa da shekaru, kuma ba don sankara ya taru ba. Alaƙar cututtukan biyu tana da ɗaure kai. Ana yawan samun su tare, abin da ke tuna wa mutum zargin Virchow. Amma kuma bincike da yawa sun nuna cewa fafilarin da ta tsiro a cikin irin wannan kumburi takan zo da sauƙi, ba ta cika dawowa bayan tiyata ba, kamar dai garin da ke cike da masu sintiri ya fi wuyar sata ko da su ma suna ɓarna. Likita ya gaya wa 'yar cewa wannan alama ce mai daɗi, amma ba ta isa ta hana yanka ba, tunda cutar ta riga ta taɓa kaluluwa, kuma shekarun Hajiya sun haura 55, iyakar da likitoci ke ƙara tsananta lissafi a kanta.

Yarinyar ba ta yi wa uwarta dogon bayani ba. Da abin da Hajiya ta sani ta yi mata magana. Ta tambaye ta, idan buhunan wake suna raguwa a rumbun ajiya kowane dare, alhali ga mai gadi a ƙofa, ƙara masa tuwo zai hana satar? Hajiya ta yi shiru, don ta taɓa ganin irin haka a kasuwa. Can ta ce, "Sai a fara sanin da wa yake kwana."

Abin lura shi ne, magungunan zamani da suka yi nasara a wannan fage ba ƙara yawan soja suke yi ba. Ƙwayar T tana da wani abu a jikinta mai kama da linzami, wanda Tasuku Honjo ya gano a Kyoto a 1992 aka sa masa suna PD-1. Sankara takan koyi jan wannan linzami, sai mai kisa ya tsaya cak a gabanta kamar wanda aka ɗaure. Honjo da James Allison sun sami Nobel a 2018 saboda hanyar kwance irin wannan ɗauri. A anafilastik, inda jan linzamin ya fi yawa, wani gwaji ya nuna ƙullutu ya ragu a jikin kusan mutum ɗaya cikin biyar, wanda ba ƙaramin abu ba ne a cutar da a da ba ta jin komai. A fafilari kuwa magungunan ba su cika tasiri ba. Suna da tsadar da ta fi ƙarfin mai sayar da wake, kuma suna da wani abin ban takaici: idan aka ba mai sankarar huhu ko ta fata, ɗaya daga cikin gaɓoɓin da sojojin da aka kwance suka fi far wa ita ce tayroid mai lafiya. Wanda ya ga haka zai gane cewa kalmar ƙarfafa garkuwa, yadda mai lasifika ke furta ta, ba ta da ma'ana a likitance. Garkuwar da ta yi ƙarfi ba linzami ita ce cutar Hashimoto.

Maganin Hajiya tsoho ne, ya girmi duk wannan ilimi. Aka yi tiyata aka cire tayroid gaba ɗaya da kaluluwar da ta kamu, wato aka kwashe ɓarawon da unguwar da ya saye a tashi ɗaya. Muryarta ta dusashe na 'yan makonni sannan ta dawo, abin da ya fi damunta, don mai awo ba ta ciniki da raɗa. Bayan haka aka tura ta Korle Bu a Accra, birnin da Hausawan zango ke kira Ankara, don shan aidin mai tururin nukiliya, hanyar da Saul Hertz ya fara a Amurka a 1941. Dabarar mai sauƙi ce: ƙwayar tayroid, ko ta zama sankara, tana nan da kwaɗayinta na aidin, sai ta haɗiye wanda zai ƙone ta. Kafin a ba ta sai da ta yi kamar mako biyu tana guje wa aidin don ƙwayoyin su ji yunwa, ta bar kifin teku, aka kuma shiga neman gishirin da ba a sa wa komai ba, irin wanda rashin aidin ɗinsa ya ba uwarta maƙoƙo. Wannan hanya ma tana da wa'adi. Sauyin halitta da ake kira BRAF, wanda ake samu a kusan rabin masu fafilari, yana rage wa ƙwayar son aidin, kuma an danganta shi da ƙullutun da ya fi iya kashe kaifin garkuwa. Idan cutar ta yi nisa har ta manta asalinta, aidin ba ya samun ta.

Yanzu Hajiya tana shan ƙwaya ɗaya kowace safiya kafin ta sa komai a ciki, madadin ruwan da tsokar ke yi, kuma haka za ta yi har ƙarshen rai. Da azumi takan tashi kafin sahur da ɗan lokaci don ta sha. Ta koma rumfarta a Race Course, mayafin da ya rufe maƙoƙo yanzu yana rufe siririn tabo.

Garkuwar jikinta ba ta gama sa baki a maganar ba. Hanyar da ake bi a gane ko sankarar ta dawo ita ce auna wani sinadari a jini mai suna tayroglobulin, wanda ƙwayar tayroid kaɗai ke yi; tunda an cire tsokar, bai kamata a gan shi ba, idan ya bayyana to wani abu ya saura. Amma masu cutar Hashimoto da yawa suna da makaman garkuwa a jini da ke manne wa wannan sinadari, sai na'ura ta nuna babu ko da akwai. Hajiya tana cikinsu. Saboda haka likitanta ya koma auna makaman su kansu. Idan babu sauran naman tayroid a jiki, garkuwa takan rasa abin faɗa da shi, makaman su yi ta raguwa cikin shekara biyu zuwa uku. Idan suka tsaya ko suka fara hawa, alama ce cewa sun hango wani abu da hoto bai kai ga gani ba. Duk wata shida 'yar takan rufe mata rumfa da safe, su taka zuwa Gee a ɗebi jini. A awo uku da aka yi zuwa yanzu, adadin yana sauka.